Ka Gaya Wa Surukata Ta Taka Birki

A duk tsibirinmu na Gaua, in ana zancen kunyar suruka, Selwyn ne na ɗaya, kuma ban ga na biyu ba. Tare muka taso da shi. Da ya girma ya tafi tsibirin Santo ya yi shekara huɗu yana koyon kanikanci, ya dawo da wata a-kori-kura da ta girme shi, da sifana uku, da imanin cewa duk abin da ya lalace a duniya waya ce kawai ba a ɗaure shi da ita ba.

Kowa a nan ya san namiji ba ya magana da uwar matarsa, ba ya kiran sunanta, ba ya matsawa kusa da ita. Sai dai mutane kan yi abin da sassauci. Selwyn kuwa ya riƙe shi kamar aikin soja. Shekara tara da auren Merelyn bai taɓa haɗa ido da uwarta, tsohuwa Hilda, ba. Akwai ranar da ya hango ta a kan hanya babu wurin juyawa, sai ya yi ta komawa da baya har bakin teku, da fasinja shida da buhunan kwakwa. Wata rana kuma ya yi awa uku a banɗaki saboda ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ita ma tsohuwar ba kanwar lasa ba ce, ni a ganina daɗin abin take ji. In tana da saƙo sai ta gaya wa 'yarta da ƙarfi, shi yana tsaye taku biyar yana kallon sama.

Mukan yi musu dariya, amma gidan akwai baƙin ciki. Sau biyu Merelyn tana haihuwa a gida, sau biyu jaririn bai zo da rai ba. A ciki na uku nas ta ce ko ana ha-maza-ha-mata a asibiti za a haihu. Asibitin yana bakin teku, gidansu kuwa yana can kan tudu, kuma hanyar gangara ce mai wata muguwar kwana a saman rafi.

Naƙuda ta zo mako uku kafin lokaci, da safiyar ranar da jirgin kaya ya iso. Duk ƙauyen mun sauka bakin ruwa, har da ni. Ba kowa a tudu sai su uku da wani ƙaton alade mai suna Kyaftin.

Selwyn ya kwantar da matarsa a bayan mota, ya shiga ya taka birki, sai ƙafarsa ta nutse har ƙasa kamar ya taka nunanniyar gwanda. Ya sake takawa, haka dai. Da ya duba sai ya ga man birkin ya kusa ƙarewa, gishirin teku ya cinye bututun baya yana ɗiga. Ya matse bututun da filaya, ya juye ɗan man da ya rage masa a kwalba. Amma iska ta riga ta shiga, kuma cire ta aikin mutum biyu ne. Ɗaya zai taka birki ya riƙe, ɗaya yana ƙarƙashin mota ya kwance ƙaramin noti iskar ta fita, ya ɗaure kafin na sama ya saki. In aka saki da wuri, iskar komawa take yi.

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Tsohuwa ce kaɗai mai ƙafar takawa.

"Merelyn," ya ce, "roƙi mai gidan nan ta shiga wurin direba."

"Mama, wai ki shiga."

"Ce masa tunda uwata ta haife ni ban taɓa zama a gaban mota ba."

Ta dai shiga. Ya bi ta ɗaya gefen ya shige ƙarƙashi don kada su yi kusa.

"A ce mata ta taka na tsakiya."

Aka ji oda ta yi ƙara.

"A ce mata da ƙafa, ba da hannu ba."

Da ƙyar aka samu ta taka na tsakiyan. Ƙarfi kam akwai shi, matar da ta shekara hamsin tana hawa tudu da gwaza a baya. Matsalar ita ce duk saƙon sai ya bi ta bakin Merelyn. Selwyn ya ce a riƙe, ciwo ya murɗe ta, kafin ta iya cewa komai tsohuwa ta saki, iska ta koma. Sau uku ana haka, man birki yana raguwa.

"Ku ƙyale ni," Merelyn ta ce tana nishi. "Haihuwa nake yi, ni ba ɗan aikenku ba ce."

Can sai ga Kyaftin ya zo yana shinshinar taya.

"Kyaftin," in ji Selwyn cikin ladabi, "gaya wa surukata ta taka sau uku ta riƙe."

"Kyaftin, gaya masa na riƙe. Kuma gaya masa mota ce wannan ko gwangwanin kifi?"

"Kyaftin, ce mata kada ta saki."

Wallahi abin ya yi aiki. Iska ta fara fita da kumfa a tayar farko. Ana cikin ta biyu, aladen ya ji ƙamshin ɓawon ayaba a bayan kicin, ya juya ya yi tafiyarsa. Selwyn yana kwance da noti a buɗe, tsohuwa da ƙafafu biyu a kan birki, babu wanda za a aika. Ya kira aladen a hankali, ya yi masa fito, har alkawarin kwakwa ya yi masa. Kyaftin ko waiwayowa bai yi ba.

Sai Merelyn ta yi wani irin nishi da su biyun suka sani, domin sau biyu suna jin irinsa.

Shi da kansa ya gaya mini abin da ya biyo baya. Tsohuwa ta leƙo da kai ta taga, ta dubi ƙafafunsa da suka fito daga ƙarƙashin mota.

"Ɗana, ina riƙe. Ɗaure abinka."

Ya ce sifana ta kusa faɗuwa daga hannunsa.

"Na ɗaure, Mama. Saki. Taka kuma."

"Na taka."

"Ya yi tauri?"

"Da saura. Ka daina rawar jiki, yi aikinka."

Cikin ɗan lokaci birki ya tsaya cak a rabi. Ta koma baya ta rungume 'yarta, ya sauko da su a giya ta ɗaya, kuma a kwanar rafi motar ta tsaya lokacin da ya ce ta tsaya.

Labari ya same mu a bakin jirgi, na rugo asibiti. Na tarar da shi a baranda, baƙin mai har gwiwar hannu, ya kasa zama. Na yi masa magana bai ma san ni ne ba. Mun fi awa biyu a haka ba mu ji komai daga ciki ba, kuma ban ɓoye muku ba, ni na riga na fid da rai.

Sai ƙofa ta buɗe, tsohuwa Hilda ta fito. Da ta gan shi ta juya masa baya kamar yadda ta saba, shi ma ya sunkuyar da kai. Ta nemi wanda za ta aika, idonta ya faɗa kaina.

"Kai, gaya wa mutumin nan mace ce. Gaya masa tana kuka."

Na buɗe baki in isar da saƙo, na ga ba sai na yi ba. Selwyn ya riga ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannayensa masu mai.