Ranar da na soki taswira kamar buhun masara

Shekarun baya kaɗan, ruwan shuka ya sauka, sai ga kawuna a shagona na Malumfashi da manoman Gozaki cike da mota. An turo masa shafin wani kamfanin iri da nake dillancin kayansa. Wai za a ba da taki rance, kuma ranar za a rufe rajista.

Shafin hoton taswirar Katsina ne, kowace ƙaramar hukuma da launinta. Ka taɓa taku, ta kai ka inda za ka sa lambar BVN. Kawu ya ce ni zan sa musu, tunda ni suka yarda da ni.

Ni kuwa ko buhun masara ba na saye sai na soka ƙarfe sama, tsakiya da gindi, don mai algus a baki yake zuba mai kyau. Hannuna ya riga ya saba. Na danna Funtua na riƙe, adireshin intanet ɗin da zai kai ni ya fito, daidai da wanda ke jikin buhun irin da nake zaune a kai. Na danna Kafur, ƙaramar hukumarsu, na riƙe. Sunan kamfanin na nan a farko, amma sunan da ke manne da "com", wanda shi ne mai gidan, baƙo ne.

Na ajiye wayar. Na ce, "Kawu, ba zan sa ba."

"Kai Alhaji! Hoto ɗaya ne fa!"

"Hoto ɗaya, ƙofa daban-daban."

Wani daga baya ya ce wa kawu, "Ƙyale shi, Malam, so yake mu sayi takinsa."

Wannan ta soke ni, don kuwa akwai taki a shagon. Na kira wakilin kamfanin, waya a kashe. In na yi kuskure, na hana mutane taki a daminar nan. Suka tafi, kawu bai ko amsa sallamata ba.

Washegari wakilin ya kira. Ba su da wani rance, kuma tun safe masu kuka ke cika musu ofis, an kwashe musu asusu.

Har yau abin da ke tsaya min a rai shi ne, da Kafur na fara dannawa ba tare da na riƙe ba, da hannuna zan miƙa su ga ɓarayi. Kawu bai taɓa ba ni haƙuri ba. Sai dai duk ranar kasuwa yakan ajiye wayarsa a kan buhu ya ce, "Soka min wannan."