Bas Ɗin Alhamis

Ni da na girma ban taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga faɗi ba, ni supervisor ɗita, malamar da ke duba bincikena, ta tura bakin teku wai in yi nazarin ci gaban al'umma. Shekarun tsuke bakin aljihu ne a Ingila, lokacin da duk abin da council, wato ƙaramar hukuma, ta kalla sai ta ga ya yi mata tsada. Na so in rubuta a kan garinmu, matar nan ta ce kowa garinsu yake rubutawa, in je in ga yadda talakan Bature yake fama. Na ce to. Na baro flat ɗina na bayan Oxford Road a Manchester, inda bas ke bin bas kamar awaki za su kiwo, na hau jirgin ƙasa zuwa wani gari a arewacin Ingila, daga can na shiga wani bas zuwa ƙauyen.

Ƙauyen layi ɗaya ne: coci, gidan giya, zauren taro, sai gidaje da suka zuba wa teku ido. An rufe gidan waya, motar laburare ta daina zuwa, likitan ƙauyen ya tattara ya koma gari. Abin da na fara tambaya shi ne gidan mai gari, don ni ban iya shiga garin mutane ban kai gaisuwa ba. Mutanen suka dubi juna, suka nuna mini ƙofar wata tsohuwa.

Ba sarauta gare ta ba, jaridar ƙauyen take bugawa, shafi huɗu, sau ɗaya a wata. Amma wallahi na ga masu rawani da ba a jin tsoronsu kamar ita. A jaridar nan za ka karanta cewa kyanwar wance ta ɓata, wata mai zuwa ka karanta an gan ta. Za ka karanta cewa mutumin da karensa ke ɓata hanyar bakin ruwa an gan shi, kuma ya san kansa. Ni ma ban tsira ba, don ta buga cewa wani ɗalibi daga Nijeriya ya zo ya yi nazarinsu, a ba shi shayi, ba ya cin alade. A shafin ƙarshe kuwa, cikin akwatin da ta zana da rula, lokacin bas ne. Ta ce in kira ta da sunanta, bakina ya ƙi. Na ce mata Iya, ta tambayi ma'anarsa, ta karɓa.

Bas ɗin da can kullum yake zuwa. Aka rage shi, aka sake ragewa, har ya zama ranar Alhamis kaɗai: ya taso daga gari da safe, ya kwashe su, ya maido su da yamma. Wasu cefane suke zuwa yi, wasu asibiti. Iya kuwa wajen mijinta take zuwa. Tsohon masunci ne, yana care home, gidan kula da tsofaffi, a gari, tsufa ya ruɗar masa da kai. Ya manta ɗansu da ke can wata ƙasa, ya manta ya taɓa mallakar jirgin ruwa, amma ita yana gane ta. Nas-nas ɗin sun gaya mata zuwan nan na kowane mako shi ke riƙe da ita a ransa, kada ta yi wasa da shi. Ba ta iya tuƙi ba, fanshonta kuma ba ya ɗaukar tasi. Tana zuwa ta karanta masa jaridarta, fitowa ɗaya har sau huɗu, kullum kuma sabon labari ne a wajensa. Ta ce duk cikin masu karanta ta ba wanda ya kai shi kirki.

Sai takardar council ta zo. Ana duba ko bas ɗin na da amfani, wani ma'aikaci zai hau shi ranar Alhamis kaza ya ga masu shiga. Iya ta sa maganar a shafin farko da manyan baƙaƙe, ta ture labarin kyanwa zuwa ciki. Duk mai ƙafa ya fito, marar ƙafa a turo shi.

Nan ne rawar kaina ta tashi. Ina da babi guda a kan aikin gayya, na daɗe ina neman inda zan nuna wa Turawa cewa mu ma muna da abin koyarwa. Na ce wa Iya ta kwantar da hankalinta, mu a wajenmu idan abu ya fi ƙarfin mutum jama'a ake kira, zan cika mata bas ɗin nan har sai an rasa wurin tsayuwa.

Ɗaliban Manchester duk suka ce insha Allahu, irin insha Allahun da kana ji ka san ka nemi wani. Sai na kira Birmingham. Akwai wani Alhaji a Sparkhill, mai shagon kayan abinci kusa da Stratford Road, yana da doguwar mota, kuma bai taɓa jin an ce taimako ya zauna ba. Akwai wata Anti a Erdington, nas ce 'yar Filato, ita ke riƙe da makullin motar cocinsu. Na bar musu saƙon murya, kuma har yau ina iya maimaita shi. Na ce: "Alhaji, Anti, gayya ce. Tsofaffi ne a wani ƙauye, council na so ta hana su motar zuwa gari. Don Allah ku zo da jama'a ranar Alhamis, a tashar bas ƙarfe goma, a taimaka musu." Digiri na uku nake yi, na iya rubuta shafi talatin a kan abin da bai kai ya kawo ba, amma ban ce musu bas ɗin za su shiga ba. A kaina maganar a fili take.

Ranar na taso daga gari a cikin bas ɗin kansa, ni da direba da mutumin council, wani siriri mai rigar ruwa da allon rubutu a cinya. Ana ta yayyafi mai sanyi. Tun daga tasha nake cika masa baki. Na ce yau zai ga abin da ake kira al'umma, ya tanadi biro na biyu. Ya yi irin murmushin nan nasu wanda ba ya kai wa ido.

Saura kaɗan mu isa sai ga motoci biyu sun taho daga ƙauyen suna ta oda. Na leƙa. Alhaji ne a gaba, hula a karkace, yana ɗaga mini hannu ta taga. Bayansa motar coci. Cikinsu kuwa fararen kawuna ne reras, tsofaffin ƙauyen kaf, kowa da kofin shayi, suna yi mana bai-bai.

Na ce innalillahi. Mutumin council ya tambaye ni ko na san su. Na ce kama ce.

Abin da ya faru, daga baya na ji shi. Alhaji, wanda ko ɗaurin auren 'yarsa sai da aka jira shi, ranar nan ya iso tun saura minti arba'in. Ya tarar da tsofaffi jere cikin ruwa, wasu da sanda, wasu da keken turawa. To wane Bahaushe ne zai zauna cikin mota mai hita, da kujeru ba kowa, sa'ar uwarsa na tsaye ruwa na dukanta? Ya sauko, ya rusuna, ya fara karɓar jakunkuna. Kuma ka san idan namu ya riga ya karɓi jakarka, magana ta ƙare. Ya ce musu Dakta ne ya aiko su, wato ni. Anti ta bi su da muryar nas, wadda ba a yi mata gardama, tana ɗaura musu bel. Tsofaffin suka ɗauka wannan ne shirin da ɗalibin nan ya yi ta faɗa, su kuma mutane ne da za su gwammace a sace su da su ce wa baƙo a'a. 'Yan rakiyar da aka zo da su aka sauke su a zauren taro su jira, don a samu wuri. Iya a lokacin ta zagaya bayan coci tana buga ƙofar wani kurma.

Muka isa tasha. Iya ce kaɗai a tsaye da lema, kurman ma ya ƙi fitowa. Ta shigo, ta gaida direba, ta dubi kujerun, ta dube ni. Ta zauna a inda ta saba. Mutumin council ya rubuta wani abu gajere, ya rufe biro. Hanyar nan ta komawa gari ban taɓa jin tsawonta kamar ranar ba.

A gari na sami Alhaji yana raba dambun nama a bakin kasuwa, fuska fal annuri. Ya ce: "Dakta, ka ga aiki? Ko mutum ɗaya ba mu bari ba!"

Na ce: "Alhaji, kun kashe ni."

Da na yi masa bayani sai ya cire hula ya riƙe. Anti ta ce: "Kai yaron nan, boko ya cinye maka baki ne? Cewa za ka yi mu shiga bas, shi ke nan fa!" Gaskiyarta ce kuwa.

Aka soke bas ɗin a ƙarshen watan. Wasu a ƙauyen sun ce dama an gama yanke shawara, ko da mutane sun hau har rufi sai an soke. Wataƙila. Na so in yarda, amma ban taɓa iyawa ba.

Wannan kuskure ne, ana yi. Abin da ya biyo baya shi ne ban yafe wa kaina ba. Kunya ta kama ni, na shige laburaren jami'a na ɓuya. Iya ta kira sau biyu, na kalli wayar har ta gaji. Alhaji na jira in yi magana, ni ina jira kunya ta sake ni. Alhamis uku suka wuce a haka. Anti ce ta kira ni daga wajen aiki ta tambaya wa ke kai matar nan wajen mijinta. Na ce ban sani ba. Ta ce: "Allah ya shirye ka. Ka shirya, jibi zan biyo ta Manchester."

Muka je. Na durƙusa a ƙofar Iya zan fara dogon ban haƙuri, ta ce in tashi, ina jiƙa mata tabarmar ƙofa. Ta riga ta sa kot, jarida na hannunta.

Mun sami mijinta a kujera bakin taga, an taje masa gashi. Iya ta matsa ta taɓa kafaɗarsa, ta kira shi. Ya ɗago ya dube ta da kyau, cikin ladabi, sannan ya juya ga nas ɗin da ta rako mu ya ce: "Wace ce wannan baiwar Allah?"

Anti ta kama hannuna ta matse. Ni dai na so ƙasa ta buɗe.

Iya ta ja kujera ta zauna. Ta ce masa ita mai jaridar ƙauye ce, ta zo karanta masa labarai. Ta karanta masa na kyanwa, da lokutan cikar teku, da na mai karen da har yanzu ya san kansa. Ya yi dariya a wajen karen. Da ta gama ya ce karatunta da daɗi, ko za ta dawo mako mai zuwa?

Daga ranar ba a sake fashin Alhamis ba. Alhaji mako ɗaya, Anti mako ɗaya, masu insha Allahu ma suka shigo da kunya ta ishe su. Alhaji ya koma halinsa na latti, har Iya ta gyara akwatin shafin ƙarshe, ta rubuta: Alhamis, ƙarfe goma, ko lokacin da suka iso. Shekara ɗaya da 'yan watanni muka yi muna kai ta, har ya rasu. Kullum yana murna da zuwan mai jarida, yana sa a kawo mata shayi. Bai sake kiran sunanta ba.