Irin Inna a jakar goyo

Shekarar da aka tura ni koyarwa wani ƙauye kusa da Gangara ita ce shekara ta biyu da ruwa ya ƙi mu. In faɗi gaskiya, ni a lokacin ba ruwa ne a gabana ba. Saurayi ne ni, na fara karɓar albashi, abin da ya dame ni jaka.

Jaka ɗaya nake so wadda za ta yi mini aiki uku. Ta ɗauki kaye na ƴan lakol, wato littattafan rubutu na ƴan makaranta, da kwalin alli. Ta ɗauki takalman ƙwallo da riga, don ran Lahadi mukan haɗu a filin garin Agiye, mu malamai da ma'aikatan buro, wato ofis, da ƴan jandarma, mu buga har kowa ya galabaita. Ta kuma ɗauki kaya kala biyu in zan je gida Cadawa ko wani wuri na kwana biyu. Keke gare ni, hanyar kuwa yashi ce, rabin tafiyar ni ke tura keken, don haka hannuwana biyu nake buƙata. Dole sai jakar goyo.

Ranar kasuwar Cadawa na je wurin wani dattijo mai gwanjo, Bakatsine, wanda bakinsa ba ya hutawa. Ya fara miƙo mini wata ja mai sheƙi.

"Wannan ita ce ta samari," in ji shi. "Ka shiga gari da ita, kowace yarinya sai ta waiwayo."

Na ja igiyarta sau ɗaya, ɗinkin ya yi ƙara. Na ce, "Baba, kaye zan zuba, ba auduga ba."

Ya tono wata daga ƙarƙashin tulin riguna, mai ruwan ƙasa, ta zane mai kauri irin na tanti. Muni kam tana da shi. Amma igiyoyinta masu faɗi ne, ba za su ci kafaɗa ba, gindinta ɗinki biyu, tana da ƙaramin aljihu a gaba da wani babba a ciki mai zif. Na zuba mata takalman gwanjonsa har ta cika, na goya, na yi tsalle uku a tsakiyar kasuwa, mutane na kallo. Ba ta motsa ba. Da na zura hannu cikin aljihun ciki sai yatsana ya faɗa wata ƴar ɓula a kusurwa, inda shafin ciki ya rabu da zanen waje.

"To, ga aibi," na ce.

"Aibi? Wannan ko ƙuma sai ta sunkuya kafin ta shiga. Ka kai wa tela ya yi mata zare biyu."

Ya rage mini kaɗan, na ɗauka. Zuwa wurin tela kuwa, kullum gobe.

Abin da ban lissafa ba shi ne bakin matan ƙauyen da nake koyarwa. A wurinmu namiji a kai yake ɗaukar kaya, ko a kafaɗa. Baya na mata ne da jarirai. Ran farko da na wuce bakin rijiya wata ta ɗaga murya, "Barka da arziki, Malam! Mace ko namiji?" Wata ta ce, "Yaushe suna?" Na ce, "Ran da kika kawo ragon." Suka kwashe da dariya. Tun daga nan Malam mai goyo ya bi ni, har iyayen yara haka suke ce mini.

Kafin tsakiyar rani dariyar ta ragu. Rumbuna sun zama fanko. Ajina ya tashi daga cike zuwa rabi, wasu iyaye sun kwashe ƴaƴansu sun yi kudu. Ƙwallon Lahadi ma sai mu taru ba mu kai ba, mu buga shida-shida. Kowane ƙarshen wata nakan sayi abin da albashina ya iya na hatsi in kai gida, ba ya kai ko'ina, don gidanmu baki goma sha ne, kuma Baba mutum ne da ba ya iya cewa babu. Kowa ya yi sallama da ƙwarya, da abu zai fita.

A irin wannan zuwa ne Inna ta kira ni bayan ɗaki. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" take ce mini. Ta ɗaga wani tsohon tulu da ta kife, ta fito da ƙulli a tsumma.

"Kai wannan, buɗe jakar nan taka."

Iri ne. Gero tiya biyu, cakuɗe da toka kamar yadda kowa ke adana iri. Irin gamanarta ne, gonarta ta kanta, wanda ta taho da shi daga gidan ubanta, gero mai saurin nuna, da ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan ba da wani abu. Kowace kaka ita ke bin gona tana zaɓen zangarniya da hannunta. Irin gandu, babbar gonar gidan, an riga an cinye shi tun wata biyu da suka wuce.

"Ubanka ya fara tambaya," in ji ta. "In ya kwana uku a gidan nan, turmi zai shiga. Ka tafi da shi. Kada ka faɗa wa kowa, kada ya bar jikinka. Ran da ruwa ya sauka ka kawo mini."

Na ce to. Har wani daɗi na ji, an ba ni amana.

Na kuwa riƙe, da farko. Ɗakin da aka ba ni a ƙauyen ɓeraye sun fi ni iko da shi, don haka duk inda na sa ƙafa jaka na bayana: aji, masallaci, filin ƙwallo, inda nake rataye ta a sandar gola ina satar kallonta. Matan rijiya suka ce yaron nan na Malam ya ƙi yaye.

Toka ce ta ɓata mana. Tana fita ta tsumman tana bin komai. Kaye na yara suka yi furfura, farar rigata ta koma kalar jaki. Rannan babban mai duba makarantu ya zo, ya ɗauki kaye ɗaya, ya hura, ƙura ta tashi. Ya dube ni a gaban yara ya ce, "Malam, a murhu kake gyara aikin?" Yara suka yi dariya. Ni kuwa zuciya gare ni, tun ina ƙarami an san ni. Ana tashi na ari faifai da rariya, na zaga bayan aji, na tankaɗe irin nan na sheƙe shi tas, har ya yi kyau kamar na kai wa kasuwa. Na juye shi kai tsaye cikin aljihun ciki na ja zif, na yar da tsumman. Na san toka maganin ƙwari ce; na ce zif ya fi toka. Ɗan lakol ke nan, wai ni mai wayo.

Da aka yi hutun bazara Baba ya ce in je Gidan Rumji in dubo ƙanwarsa. Gwaggo tana aure a gidan mutanen da kakanninsu makiyaya ne. Shanun sun mutu sai biyu, mijin ya kora su kudu, ya bar ta da yara huɗu da tsohuwar uwarsa. Na sayi sukari da sabulu sanda ɗaya na sa a aljihun gaba, na hau mota ta Maradi.

Na iske Gwaggo ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Ta tare ni a ƙofa ta karɓi jakar, yadda ake karɓar kayan baƙo. "Lale da ɗan yayana! Wai, me ka zubo haka, duwatsu?" Ta kawo ruwa tana ba da haƙuri, babu abin da za a sa a ciki. Muna cikin gaisuwa sai ga wani abokina da muka yi lakol tare, ya ji na zo, wai ana buga ƙwallo bayan la'asar kuma sun rasa mai tsaron baya. Na zaro takalma da riga. Wata biyar jakar nan ba ta bar jikina ba, amma na ce ai nan gida ne. Ina fita na waiwayo na ce, "Gwaggo, ƴar tsarabarku na cikin jaka."

Da bakina na faɗa. Ban ce aljihun gaba ba.

Ina dawowa, tun daga bakin lungu na ji ƙarar taɓarya. Duk unguwar nan tun da na zo ban ji daka ba. Na ga wata maƙwabciya ta fito daga gidan da ƙaramar ƙwarya a rufe, ta ce mini, "Allah ya yi albarka, ɗan nan." Na shiga da gudu. Ga tukunya a wuta, ga dusa an tara a faifai, ga surfaffen gero an wanke an shanya a tabarma. Duka ta surfe, don dusar ma abinci ce. Yara huɗun suna zaune a jere kowa da ludayi.

"Ga shi nan!" in ji Gwaggo. "Kai, matar yayana ta cika ƴar halak. Gero kamar an zaɓa!"

Na daka tsawa, ni da ko ɗaga ido ban taɓa yi mata ba. "Gwaggo, iri ne! Irin Inna ne!"

Ta tsaya da muciya a hannu. Ta dubi tabarmar, ta dube ni.

"Iri? To ina tokar?"



"Ni jikar manoma ce," in ji ta. "Da na ga toka ko ƙyas, wallahi ko yaran nan za su mutu a gabana ba zan taɓa ba. Wa ke yawo da iri tsirara?"

Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gefen zane. Kunun ya ci gaba da tafasa. Can tsohuwar, uwar mijin, ta ce daga bakin ɗaki, "Abin da ya shiga turmi ya shiga. A zuba wa yara." Aka zuba. Aka miƙo mini nawa, na sha, don yunwa nake ji, kuma na ji kunya ƙwarai da ya yi mini daɗi.

Washegari na kama hanyar Cadawa. Ban taɓa jin nauyin jakar nan kamar ranar da ba komai a cikinta ba. Na sami Inna a bayan ɗaki tana tsinkar ganyen jiga. Na durƙusa na faɗa mata duka, har da zancen tokar. Ban rage ba. Na so ta zage ni, ta ƙi. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta.

"Yaran nata sun sha?"

Na ce sun sha.

"To." Sai ta miƙo hannu. "Ba ni jakar."

Ta juya ta, ta zazzage a kan faifai, ƙwaya biyar ko shida suka faɗo. Ta sake girgizawa kusa da kunnenta. Ta shafa gindin jakar da tafin hannu, a hankali, ta sake shafawa. Sai ta ce wa ƙanwata ta kawo reza.

"Inna, jakar aikina ce," na ce. Har yau ina mamakin bakin da ya faɗi haka.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta farke shafin ciki daga sama har ƙasa. Gero ya zubo. Wata da watanni ina tura keke a yashi, ina gudu in tari mota, ashe yana bin ƴar ɓular nan da na ƙi kai wa tela, yana taruwa tsakanin zane da zane. Ta bi kowane ɗinki da tsinke tana tono. Da ta gama ta auna, ludayi biyu ne, na biyun bai cika ba.

Ta ɗebo toka daga murhu, ta cakuɗa a gabana, ta ƙulle a bakin zanenta.

"Wannan karon ni zan goya," in ji ta.

Da ruwa ya sauka, gandu da gamana aka shuka su da geron kasuwa wanda ba wanda ya san asalinsa. Ya yi tsawo, ya yi kara, ruwa ya ɗauke kafin ya fitar da kai sosai. Mun ƙara shekara guda muna cin ganye da jar dawar taimako, kuma na san da tiya biyun nan sun shiga ƙasa da abin bai kai haka ba. Ba wanda ya faɗa mini, ba sai an faɗa ba. Ludayi biyun kuwa Inna ta shuka su a bayan gida, ƙwaya uku-uku, ta yi musu shinge da ƙaya, tana korar tsuntsu da kanta. Ya nuna. Ba a ci ko zangarniya ɗaya ba. Baba ya yi magana sau ɗaya, ta dube shi, bai ƙara ba.

Jakar na kai ta wurin tela a ƙarshe, ya mayar da shafin da baƙin zare, ɗinkin kamar tsagar Gobirawa. Na ci gaba da goyonta shekaru.

Bayan sussukar wannan kakar Inna ta kira ni bayan ɗaki. Ƙulli ne a sabon tsumma, rabin tiya, toka har tana fita ta saƙar. Ta sa shi da hannunta a kan kayen yara da na gama gyarawa, ta ja zif.

"Kai wannan, ka kai wa gwaggonka. Tun ranar ba ta aiko ko gaisuwa ba, kunya ta hana ta." Na ɗaga jakar zan goya, ta riƙe igiyar. "In ka je, ka ce mata iri ne. Da bakinka."