Itacen Barka

Barakatu tana tsugune gaban mai kanwa a kasuwar Ƙanƙara, hankalinta yana kan wankan jegon ɗiyarta. Mijin yarinyar ya bi leburanci Kaduna, inda ake ta gine-gine, ba mai saro musu itace.

Wani tsoho yana tsaye gefe da damin itace a ka. Farar taguwarsa duk karin ninki, alamar sau ɗaya take fita a shekara, dugadugansa kuwa duk faso. Ƙaramin gicciye yana lilo a wuyansa. Ba ya tallar itacen, masu sayen kanwa kawai yake kallo.

"Kunun maijego za a dama?" ya tambaye ta.

"I, Baba."

Sai ya sauke damin a gabanta, busasshen marke zalla.

"Yau Kirsimeti, haihuwa aka yi mana," in ji shi. "Masana taurari sun kai wa Jaririn zinariya, ni itace gare ni. Maijegon tamu ta yi mini nisa, ki kai wa taki."

Ta fara kwance bakin zane don tukuici, ya girgiza kai. "Mu ma kyauta aka ba mu Jaririn."

Wataƙila ya taɓa rasa maijego, wataƙila ba a taɓa suna a gidansa ba. Barakatu ba ta tambaya ba. Tana ta sa masa albarka, shi kuwa yana tafe sakayau, gammo a hannu, sai ka ce shi aka zo wa barka.