Labulen Saloma Mai Liƙi

A Madarunfa, in takalmin robarka ya tsinke ko butarka ta huje, gidan Saloma za a nuna maka, can wajen hanyar tabki. Wuƙa ɗaya gare ta da kaskon garwashi. Ta sa wuƙar a wuta, ta yanko guntun tsohuwar roba, ta manna, shi ke nan. Da wannan ta ci da gida shekara da shekaru, mijinta Kalebu kuwa yana noma, kuma dattijo ne a majami'a.

Ɗiya ukku ta bizne tun ba su yi tafiya ba. Ta huɗu ce ta tsaya, aka sa mata Amana. Duk taron zumuntar mata sai Saloma ta miƙe ta ba da shaida, ta ce ba rubutu, ba laya, addu'a kaɗai ta raya yarinyar nan. Mata har sun hardace maganar.

To, akwai wani labulen roba a tagar ɗakinta, fari, mai sanda a gindi. Wata baturiyar mishan ta bai wa Kalebu shi a Maraɗi lokacin da za ta koma gida. A ƙarƙashin tagar nan Amana take kwana tun ranar suna. Damanar shekarar da darajar kuɗi ta faɗi, iskar hadari ta zo da la'asar ta keta shi tun daga tsakiya har ƙasa.

Da safe Saloma ta sauke shi, ta shimfiɗa a tabarma, ta hura wuta. Kalebu na zaune yana gyaran ƙotar hauya.

"Bar shi mana, ni in gyara," in ji shi.

Ta yi dariya. "Kai, Baban Amana? Kai da ko maɓallin rigarka sai ka kira ni?"

Yagar ta bi ta kalmasar gindi, dole sai an zare sandar. Ta ja, ta ƙi fitowa. Ta duba, sai ta ga an ɗinke bakin da zaren buhu, ɗinki mummuna, ba nata ba. Ta farke. Sanda ta fito, wani abu ya biyo ta ya faɗo a cinyarta. Laya ce, siririya kamar ɗan yatsa, an naɗe da fatar akuya, fatar har ta yi baƙi.

Saloma ta daskare. Sannan ta ɗaga layar ta nuna wa Kalebu.

"Mi ne ne wannan?"

Kalebu ya ci gaba da gyaran ƙotarsa.

"Inna Azumi ce ta sa, ko?" Uwarsa ke nan, tana Gabi, ba ta taɓa barin addinin kakanni ba.

"Ita ta karɓo," ya ce. "Ni na ɗinke."

"Kai? Kai da ka tara layun mutane a ƙofar majami'a ka cinna masu wuta?"

"Kabari ukku na gina da hannuna, Saloma. Ban iya na huɗu."

"Shekara shidda ina tsayawa gaban mata, kana ji, kana cewa amin!"

Sai ga Amana ta shigo da gudu tana neman ɗumame. Saloma ta dube ta, ta dubi garwashi, ta miƙa hannu da layar bisa wuta. Kalebu ya zabura ya ce don Allah. Abin da ya fi gigita ta, hannunta ne ya ƙi buɗewa. Ashe ita ma tsoron na nan cikinta, ba ta sani ba. Ta daɗe a haka har zafi ya fara cin yatsunta, sannan ta ce, "Ubangiji, taka ce," ta saki. Gida ya cika da ƙauri.

Ta maida wuƙa wuta, ta liƙe yagar tsaf. Wata guda tana taɓa goshin Amana kowace safiya, Kalebu na tsaye bakin ƙofa yana jiran ta yi magana. Zazzaɓi ya zo sau ɗaya, ya wuce.

A taron mata na gaba ta miƙe ta faɗi duka, har da hannunta da ya ƙi buɗewa. Kalebu ya aje dattijancinsa da kansa ranar Lahadi.

Labulen na nan a tagar da tabonsa. Bakin kalmasar dai ba ta ƙara rufe shi ba, ta bar shi buɗe ta kowane gefe.