Ludayin Inna Kulu

Cikin duk kwanakin da na yi ina aiki, wanda ya ƙi fita daga raina shi ne ranar Talatar da ni da Malam Sambo muka hau dawaki zuwa Wonaka. A lokacin ana cikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, ni kuwa watana huɗu da kama aikin diresa a ɗakin shan magani na gari. Ku da kuka zo daga baya ba ku san diresa ba. Shi ne mai wanke miki, ya ɗaure, ya auna magani ya bayar. Ba likita ba ne. Likita Bature ne, sai ya fito rangadi muke ganinsa. In ba ya nan, Malam Sambo ne babba, ni ne na ƙasa da shi, duk da na kusa shekara talatin.

Ranar Litinin Malam Sambo ya tafi sansanin leburorin hanyar jirgi duba masu rauni, ya bar mini ɗakin. Da hantsi wani manomi mai suna Bawa ya zo daga Wonaka, ya ce mahaifiyarsa, Inna Kulu, kwana uku tana masassara da rawar ɗari, ba ta iya hawa jaki. Na zuba masa ruwan kwini a kwalba, wanda shi ne maganin zazzaɓinmu a zamanin nan. Na ce masa cokali ɗaya, sau uku a rana. Ya yi godiya ya tafi.

Al'adar Malam Sambo ce kowace safiya ya zaunar da ni ya tambayi mutanen jiya ɗaya bayan ɗaya. Washegari da muka zo kan Bawa na faɗa masa abin da na yi, ina jin na yi daidai.

Ya ce, "Labbo, da wane cokali?"

Na ce, "Cokali dai, Malam."

Ya ce, "Ka taɓa ganin cokalin ƙarfe irin namu a gidan manomi a Wonaka? Da mi suka shan fura?"

Ni ma ɗan ƙauye ne, na san amsar. Ludayi ne. Ludayi ɗaya kuwa yana cin cokalinmu huɗu ko fiye. Malam Sambo ya rufe ɗakin, ya gaya wa masu jira su dawo gobe, ya aika gidan hakimi aka ba mu aron dawaki biyu.

Mun isa bayan azahar. Muka tarar da Bawa a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, kwalbar a hannu ɗaya, ludayi a ɗaya. Ya ba ta ludayi guda jiya da yamma, ya ba ta guda da safe, na ukun ne yake jira amai ya lafa mata ya ba ta. Malam Sambo ya yi sallama, ya karɓi kwalbar a hankali kamar mai karɓar ruwan sha, ya ɗaga ta ya duba. Saura kaɗan a gindi.

Tsohuwar tana kwance a kan tabarma. Ta ce kunnuwanta na ƙara kamar an saka mata ƙudan zuma, sannan tun hantsi duniya ta yi mata duhu, ba ta ganin ko ƙofa. Bawa ya ce shi ya ɗauka cutar ce ta hau kai, shi ya sa yake son ƙara mata magani.

Malam Sambo ya durƙusa, ya kai bakinsa kusa da kunnenta ya ce, "Inna, ni ne Sambo na asibiti. Ba ciwon ne ya ƙaru ba, magani ne ya yi yawa. Mun tsai da shi."

Ta ce, "Ɗana, idon nawa fa? Ya tafi ke nan?"

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, ban sani ba tukuna. Na ga waɗanda nasu ya dawo. Ina nan tare da ke har mu gani."

Ya sa aka kwantar da ita a kan gefenta don kada amai ya shaƙe ta. Ya sa matar Bawa ta tafasa ruwa, ya huce, ana ba ta kurɓi kurɓi. Ya ce a ajiye fitsarinta a kasko ya riƙa gani, domin in ya koma baƙi to al'amarin ya wuce ƙarfinmu. Yana riƙe da wuyan hannunta yana bin bugun jini, yana nuna mini yadda zan ji in ya fara tsalle.

Da maƙwabta suka taru, wani dattijo ya fara faɗa wa Bawa, wai ya kusa kashe uwarsa. Malam Sambo ya fito ya ce, "Baba, Bawa ya yi abin da anka ce mishi. Mu ne ba mu faɗa mishi da kyau ba." Ya ce mu, bai ce Labbo ba, alhali ina tsaye a gefensa.

Washegari ya mai da ni Gusau in buɗe ɗakin, shi ya zauna. Sai ranar Juma'a ya dawo, ya ce ta fara ganin hasken ƙofa, kunnen ya yi sauƙi, masassarar ma ta sake ta. Bayan wata guda Inna Kulu ta zo da kanta a kan jaki. Tana gane fuska, tana tsintar tsakuwa a gero, amma ganinta ta gefen ido bai koma kamar da ba har ta rasu. Wannan nauyi ni nake ɗauke da shi.

Da likita ya zo rangadi, ina tsammanin maganar za ta tsaya tsakaninmu. Amma Malam Sambo ya tsai da ni a gaban likitan ya zayyana komai, ya ce ni na ba da maganin, shi kuma ya bar ni da kwalabe bai koya mini yadda ake sallamar mutum ba. Likita ya yi mini faɗa sosai, amma bai kore ni ba. Daga ranar, duk kwalbar da za ta fita sai mun manna mata takarda mai zane-zane, kowane zane na shan magani sau ɗaya ne. Mai karɓa kuma ba ya tafiya sai ya nuna da yatsa inda zai tsaya, ya kuma faɗi alamar da in ya gani zai daina ya dawo.

Ku yanzu kuna da ƙwayoyi da allurai da ban san sunansu ba. Abin da na koya dai shi ne aikinmu ba ya ƙarewa a bakin taga. Magani gida yake zuwa, hannun wanda bai yi karatu ba amma yana ƙaunar majinyacinsa, kuma zai yi duk abin da ya ji ka faɗa. Na yi shekaru ina sallamar mutane bayan Malam Sambo ya rasu, ban sake barin kowa ya juya baya ba sai na ji maganata ta fito daga bakinsa.