Kawu Inuwa Finlan

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar Kawu Inuwa a Riyadh ya san abin da zan faɗa. Rana tsaka, kwalta na neman narkewa, shi kuwa sai ya ɗaga gilasai, ya ƙure sanyin mota, ya zaro hular ulu daga aljihun ƙofa ya kafa har kunne. Sannan ya kunna kiɗan nan nasa, ting, ting, kamar ruwa na ɗiga a kwano. Ya lumshe ido, a kan titi fa, ya ce, "To, mun iso."

"Kawu, ina muka iso? Ko unguwar Naseem ba mu kai ba."

"Kai ne ba ka kai ba, Auwalu. Ni ina bakin tafki."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Suwaidi, don haka na sha kiɗan nan har na ƙoshi. Tuƙi yake yi wa wani Bature ɗan ƙasar Finlan a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. A motar maigidan ya fara jin wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da ake ɗorawa a cinya, wai shi kantele. Baturen da kansa ya gaji da shi, Kawu ko alama. Bai taɓa taka ƙasar ba, amma zai ba ka labarin dazuzzukanta kamar can aka yanke masa cibi: itatuwa farare, tafki bayan tafki, rana ta ƙi faɗuwa da damina.

Abin da ya fi ba mu dariya, wai yana jin yaren! Wata rana Malam Sani, wani ɗalibin jami'a, ya zo gaishe shi, ya tarar wata mata na rera waƙa a waya.

"Ka ji ta ko?" in ji Kawu. "Kuka, kuka take cewa. Baiwar Allah, an ɓata mata rai."

Malam Sani ya duba wayarsa ya ce, "Kawu, a yarensu fa kuka na nufin wane ne."

"To ai shi ke nan! Macen da ta zauna tana ta tambayar wane ne, wane ne, dariya kake so ta yi?"

Sai ranar da ya dawo a fusace, ya jefar da makulli, ya ce gobe zai ajiye aikin. Wai maigidan ya dube shi ido da ido, da furfurarsa da komai, ya ce masa sauna. Har da murmushi! Muka yi ta ba shi haƙuri. Ashe gayyatarsa mutumin ya yi, wani ɗakin katako ne da suke zafafawa su shiga su yi gumi. Da Kawu ya gane, sai ya ce, "Allah ya ba su sanyi kyauta, su gina ɗakin zafi su shige. Kai, wanda ya raɗa wa ɗakin nan suna Bahaushe ne."

Amma babbar ta'asarsa ita ce ta baƙin nan. Wasu makaɗa biyu suka zo daga Finlan za su yi wasa a gidan maigidan, aka tura Kawu ya ɗauko su daga filin jirgi. Ɗaya dattijo ne mai jan gemu, riƙe da wani ɗan akwati. Kawu ya matsa sai da aka buɗe. Ya ga abin kiɗa da tsirkiyar gashin doki, da baka na gogawa. Ya dafe ƙirji.

"Goge! Wallahi gogen babana ne ya ɓata hanya!"

Maimakon ya nufi Unguwar Jakadanci, sai ga shi ya faka a ƙofarmu. Na ja shi gefe. "Kawu, iƙamarka fa, takardar zamanka a ƙasar nan, a hannun mutumin nan take, kuma ta kusa ƙarewa. In ya kore ka, sai gida."

"Mafi mushkila, ba matsala. Ɗora tuwo."

Wayarsa na ta ƙara, ya kife ta. Ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, sai ga goge. Duk zamana da shi ban san yana da shi ba. Ya zauna a tabarma ya ja baka. Dattijon ya saurara, ya karkata kai, ya ɗauko nasa ya bi shi. Jama'a, ba su da yare ɗaya sai guntun Turanci, amma wannan ya yi tambaya da tsirkiya, wancan ya amsa. Ɗayan baƙon ya ɗora kantele a cinya ya shigo a hankali. Ɗakin nan namu mai ƙarar fanka ya zama kamar ba bango. Na duba Kawu, hawaye na bin gemunsa, yana murmushi. Tuwo ya ƙone, ba wanda ya ji.

Da suka isa gidan Baturen a makare, maigidan na tsaye a bakin ƙofa fuska a murtuke. Dattijon ya sauko ya yi masa dogon bayani da yarensu, yana nuna Kawu. Ba a kore shi ba. Hasali ma a wajen wasan aka ajiye masa kujera a tsakiyarsu. Ya dawo ya ce mini, "Ka gani? Kai da tsoronka da tuwonka."

Bayan sun koma suka aiko masa da gayyata, ya je can su yi wasa tare, komai a kansu. Muka yi ta murna. Kawu ya ce ba ya zuwa.

"Haba Kawu! Ƙasar da ka ishe mu da ita?"

Ya ce, "Auwalu, in na je na tarar ba haka take ba fa? Finlan ɗina ta cikin kaina ta ishe ni."

Ba a daɗe ba ciwo ya kwantar da shi, kuma bai tashi ba. A nan Riyadh muka kai shi makwancinsa.

Allah ya jiƙan Kawu Inuwa, ya yafe masa kurakuransa. Inda ya je yanzu, Allah ya sa ya tarar ya fi duk yadda ya zata. Amin.